Alkawarin da Kawu Bai Gama Rubutawa Ba

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke cikin garin Gaya, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ni labarin ya iske ni ina tsaye a gaban aji, a makarantar da nake koyar da kwamfuta a Ajingi. Na bar jakata a ofis na hau adaidaita, ko shugabar makaranta ban sallama ba. Kafin in iso an gama yi masa sutura.

Masu zuwa ta'aziyya kowa da Kawun da ya sani. Matan unguwa suka ce mutum ne da ba ya wuce kowa bai gaishe shi ba. Wani tsoho daga Balan, wanda suka yi kiwo tare suna yara, ya aiko a gaya wa Inna, matar Kawu, cewa ta yi haƙuri, ta rabu da mutumin kirki mai taurin kai, wanda in ya tsaya a hanya sai dai saniya ta kewaye shi. Liman da ya zo addu'a ya ce marigayi ya yi wa al'umma hidima da gyaran kwamfuta. An ce samarin da Kawu ya koyar, waɗanda suka zo daga Kano suka zauna a gefe guda, sai da suka kalli juna, domin Kawu bai taɓa kwance kwamfutar kowa ba, kuma babu kalmar da ke ɓata masa rai kamar a kira shi mai gyara.

Amma zaman bai zauna ba. A cikin gida duk wadda ta ji sallama sai ta ɗaga kai, domin Yaya, babban ɗan Kawu, bai iso ba. Yana Legas yana aikin rubuta manhaja. Kowa ya san tsakaninsa da mahaifinsa ba daidai ba, kaɗan ne suka san dalili. Na ji wasu mata suna raɗa cewa rigimar gona ce, wata ta ce ai a kan aure ne. Umma mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwar Kawu, tana jin su ba ta gyara musu ba. Daga baya ta ce da ni, da ta faɗa musu gaskiyar abin da za su ɗauka ba'a take yi musu a gidan mutuwa.

Sai washegari da la'asar ya iso. Ya shigo ya durƙusa a gaban Inna, ta amsa gaisuwarsa ba ta dube shi ba. Aka kawo masa ruwa, bai sha ba. Can ya ɗago ya tambaya a hankali ko ina laftof ɗin Baba.

Inna ta ce, "Yana cikin akwatina, mukullin yana jikina. Mutumin ya kwanta ba ka zo ka gan shi ba, aikinsa kuma ba za ka taɓa ba."

Ni da Yaya taubasai ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba, amma ran nan da idonmu ya haɗu kowa ya kau da kai.

Dole in koma baya, domin wanda bai san aikin Kawu ba ba zai gane abin da aka kulle a akwatin nan ba, kuma ba na so a manta da shi a matsayin mai gyaran kwamfuta.

Kawu yana cikin 'yan farko a yankinmu da suka karanci kwamfuta. Ya yi shekaru a Kano yana rubuta manhaja a wani kamfani, da ya ajiye aiki ya dawo Gaya. Kwamfuta ba ta yin komai sai an rubuta mata umarni, kuma umarnin yana da harshensa, da kalmominsa da nahawunsa. Harsunan da ake da su duk da Turanci aka gina su. Kawu ya lura yaranmu ƙarfinsu yana ƙarewa a kan Turancin kafin su kai ga tunanin, sai ya zauna ya fara ƙera harshen da za a ba kwamfuta umarni da Hausa: idan, maimaita, nuna, tsaya. Bai taɓa raɗa masa suna ba. Mu dai yaren Kawu muke ce masa, har malaman da ba su haɗa komai da shi ba haka suke kiransa.

Da safe yake aiki. In ya dawo daga masallaci ya karya, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya ɗora laftof a kan kujerar tsugunno, da kofin shayi ba sukari saboda ciwon suga. Yakan karanta abin da ya rubuta a fili, kamar mai bitar hadda, wai abin da bai yi daɗi a kunne ba ba zai yi daɗi a kan yaro ba. In ka kawo masa aikinka kana murna, tambayarsa ta farko guda ce: in ba komai a ciki fa? Ka rubuta manhajar da ke nemo ɗalibin da ya fi maki, zai ce in ajin ba kowa fa? Ya yi tambayar nan har ta zama abin tsokana a gida. In ya ce Inna ta miƙo masa kular abinci, sai ta ce, to Malam, in ba komai a ciki fa?

Ni a tabarmar nan na koyi duk abin da na iya. Kuma lokacin da na haihu na farko, aka yi mini aiki na daɗe a kwance, aka fara maganar za a ba wani ajina, Kawu bai gaya wa kowa ba ya riƙa hawa mashin daga Gaya zuwa Ajingi yana koyar da ɗalibaina, da kumburarrun ƙafafunsa, har zangon karatu ya ƙare. Ya ce wa shugabar makaranta shi kawuna ne da ya ɗan taɓa kwamfuta. Sai da na dawo ɗalibai suke ba ni labarin tsohon da ke cire takalmi ya zauna a kan benci ɗaya da su.

Abin da ya raba shi da Yaya kuwa shi ne wannan. A kowace manhaja akwai abubuwan da ke zuwa a jere, kowanne da lambar wurinsa: sunayen ɗalibai, haruffan kalma, lambobi daga ɗaya zuwa ɗari, layukan tebur. A yaren Kawu na farko, kowanne daga cikin waɗannan yana da hanyarsa daban ta ɗauko abu. Yaro zai koyi yadda ake ciro suna na uku, in ya zo ciro harafi na uku sai ya sake sabon koyo. Wanda ya rubuta umarnin nemo abu a cikin sunaye dole ya sake rubuta wani don haruffa. Kawu ya ce wannan zalunci ne. Yana son ƙa'ida guda da duk mai jere zai bi, ta yadda umarni ɗaya zai yi aiki a kansu duka. Shi alkawari yake kiran ƙa'idar. Duk abin da ke so a ɗauke shi a matsayin jeri, sai ya yi alkawarin zai faɗi inda ya fara da inda ya ƙare, in an ba shi lamba a tsakani ya miƙo abin da ke wurin, in kuma lambar ta fita waje ya tsaya ya faɗa. Iyakarta ke nan. Ya yi ta rage ta yana sake ragewa, sabon yaren bai fito ba, malamai suna ta jira.

Ana cikin wannan jira Yaya ya zo Babbar Sallah, kuma har lokacin shi ne hannun daman mahaifinsa a aikin. Ina wurin. Bayan an gama da nama, muna zaune da hantsi Inna tana suya a gefe, Yaya ya buɗe nasa laftof ya nuna wa Kawu abin da ya shirya. Ya ce alkawarin ya yi ƙanƙanta. A sa sauyawa a ciki, a sa ƙari, yadda mutum zai iya canza abu na uku ko ya ƙara wani a ƙarshe. A fara ƙirga daga sifili kamar yadda yawancin harsunan da ake aiki da su suke yi, domin yaran nan wata rana aiki za su nema. In kuma an nemi lambar da babu, kada manhaja ta tsaya ta tsorata yaro, ta miƙo amsar babu ta ci gaba.

Kawu ya saurare shi har ya gama. Sannan ya tambaye shi, lambobi daga ɗaya zuwa goma jeri ne ko ba jeri ba? Yaya ya ce jeri ne. Ya ce to yaya za a canza ta uku ta koma bakwai? Yaya ya ce irin waɗannan in an nemi sauya su sai su ƙi. Kawu ya ce ke nan sun yi alkawarin da tun farko sun san ba za su cika ba, kuma wanda ya dogara da su ba zai sani ba sai ranar da abin ya fashe a hannunsa. Game da miƙo babu a ɓoye kuwa, ya ce gara manhaja ta faɗi a gaban yaro da ta raka shi gida da amsar ƙarya.

Suka yi ta ja. Da farko da dariya, daga baya dariyar ta ƙare. Yaya ya lissafa makarantun da suka gaji da jira suka koma harsunan Turanci. Kawu ya ce su koma, ba zai saki abin da zai yi ta cizon yara har bayan ransa ba. Inna ta daina juya nama tana kallonsu. Na yi ƙoƙarin sa baki, ba wanda ya ji ni.

Sai Yaya ya ce, "Baba, yaren nan ba yara kake yi wa ba. Kanka kake yi wa."

Kawu ya rufe laftof a hankali, ya ɗora hannu a kai. Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. Je ka yi naka."

Ina ganin shi bai nufi a je ɗin ba. Yaya kuwa ya tafi ya yi. Aikin a buɗe yake a intanet, kowa yana da damar ɗauka, don haka ya kwafe shi ya gina nasa a kai, bai daɗe ba ya sake shi. Kuma gaskiya ya yi kyau. Ya fi na Kawu sauri, samari suka rungume shi. Aka wayi gari akwai yare biyu masu kama da juna kamar tagwaye, kalmominsu iri ɗaya, halinsu daban. Daga nan gaisuwarsu ta koma ta Juma'a kawai, gajeriya, ita ma ta bakin Inna take bi.

Ba zan ce Kawu ne da gaskiya a komai ba, shi ma da yana raye ba zai so in yi masa wannan karamcin ba. Akwai wurin da ya kafe ba bisa hanya ba. Ya ce a Hausa ts harafi ɗaya ne, sh ma haka, don haka in an nemi harafin farko na tsuntsu dole a miƙo ts, ba t ba. A kan ƙ da ɗ da ɓ kowa ya yarda da shi, domin a cikin kwamfuta sun fi sauran haruffa cin wuri, wanda bai kula ba sai ya tsaga su biyu ya fito da shirme. Amma ts ta zama masa ƙarfen ƙafa. In kalmar Turanci ce ta shigo cikin rubutu fa? In adireshi ne? Kwamfuta ba ta da yadda za ta sani. Na faɗa masa, wasu ma sun faɗa, ya ce zai samo hanya. A kan wannan harafi ya ƙarar da lafiyar da ta rage masa.

Sai dai duk da fushinsa, bai yarda a zagi aikin Yaya a gabansa ba. Wani cikin samarinsa ya taɓa zuwa yana kushe shi don ya faranta masa. Kawu ya sa shi ya zauna ya karanta yadda Yaya ya rubuta umarnin ɗauko abu daga jeri, layi bayan layi, ya ce in ya iya rubuta rabin wannan ya dawo su yi maganar kushe.

Abin da Kawu ke tsoro ya faru a ajina. Lokacin hutu an kawo wani ya sabunta kwamfutocin makaranta, ya sa yaren Yaya a wasu, ya bar na Kawu a sauran, shi a ganinsa abu ɗaya ne. Ba wanda ya lura sai ranar jarrabawar aiki ta 'yan ajin ƙarshe, ga mai duba jarrabawa da aka turo daga waje yana zagayawa. Aka ce su rubuta manhajar da za ta haɗa sunaye da maki ta fitar da wanda ya fi. Duk abu ɗaya na koya musu, kuma abu ɗaya suka rubuta. Rabin aji suka samu daidai. Sauran kuwa, da suka nemi na ɗaya sai aka ba su na biyu, da suka kai ƙarshe manhajar ta miƙo babu ta wuce ba ta ce uffan ba. Amsa ta fito tsaf, kuma ba daidai ba. Mai dubawa ya fara sa musu jan biro. Na ce masa akwai matsala a na'urorin, ya ce kowane malami haka yake cewa. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta duba aikinta ta sake dubawa, ba ta ga kuskure ba, ta kifa kai a kan tebur.

Na fita na kira Kawu. Ya hau mashin ya taho, a lokacin ko tsayuwa wuya take yi masa. Ya gaishe da mai dubawa da ladabi, ya roƙe shi ya zaɓi aikin kowace ɗaliba da ya ga dama, a gwada shi a kwamfutoci biyu a gabansa. Aka gwada, amsa biyu ta fito. Mutumin ya yi waya, aka ce a sake jarrabawar wata rana.

Da muka fito Kawu ya zauna a dakalin bakin ofis ya kira Yaya. Nasa ɓangaren kawai na ji. Bai ɗaga murya ba. Ya ba shi labarin yarinyar, ya ce wannan ita ce babun da ya ce ba za ta tsorata yaro ba. Daga baya Yaya ya gaya mini abin da ya mayar masa: da Baba ya saki nasa a kan lokaci da ba a samu yare biyu ba, kuma duk yarinyar da ta fita daga ajin nan ƙirga daga sifili za ta tarar a ko'ina. Shi ma bai yi ƙarya ba. Amma daga ranar har gaisuwar Juma'ar ta tsaya.

Ciwon ya kwantar da Kawu bayan damina. Aka kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi gida. Umma ta kira Yaya ta ce ya zo, ya ce aiki ya riƙe shi amma yana hanya. Ni ma na kira shi. Na fahimci ba aikin ba ne, tsoron shigowa yake. Kwanaki kaɗan kafin rasuwar ya yi waya da rana, Inna ta kara wa Kawu a kunne. Suka gaisa lafiya lau, ya tambayi jiki, Kawu ya tambayi jikokinsa. Inna ta ce har ta fara hamdala. Sai Kawu da kansa ya tayar da maganar alkawarin. Suka koma inda suka tsaya. Can Yaya ya ce ana jiransa a taro, ya kashe wayar Kawu yana tsakiyar magana. Inna tana riƙe da wayar, ta ji ƙarar yankewar da kunnenta. Wannan ce maganarsu ta ƙarshe.

Shi ya sa laftof ya shiga akwati. Duk kwanakin zaman makoki Yaya yana waje yana karɓar gaisuwa, in ya shigo cin abinci Inna ta shige ɗaki. Samarin Kawu suka kasu, wasu suna zuwa wurina a asirce suna cewa kada in bari ya goge aikin Malam, wasu suna cewa ai yanzu yare ɗaya ya rage, a huta. Ni kuma zango na gabatowa ban san wanne zan koyar ba.

Bayan sadakar bakwai Baffa, yayan Kawu da ke Toranke, ya tara mu a tsakar gida. Manomi ne, bai taɓa taɓa kwamfuta ba, kuma bai yi kamar ya gane ba. Ya ce shi dai ya san na'ura kayan gado ce, ɗa yana da haƙƙi a ciki, amma kuma ba a ƙwace abu daga hannun mai takaba. Ya ce in yi masa bayanin abin da ake tsoro. Na ce yawancin aikin yana intanet, ba mai iya ɓatar da shi, abin da ke cikin laftof aikin watannin ƙarshe ne da Kawu bai fitar ba. Baffa ya juya ga Yaya ya tambaye shi me zai yi da shi. Yaya ya ce gani kawai yake so ya yi. Inna ta ce ba ta yarda ba. Aka daɗe a haka. A ƙarshe Baffa ya yanke cewa a buɗe a nan tsakar gida, a hannuna, Inna tana kallo, in an gama a mayar mata.

Na san abin da Yaya ke nema, ina jin kowa ma ya sani. Na buɗe, ya matso kusa. Babu wani saƙo. Babu inda Kawu ya sauko, babu inda ya ambace shi. Aiki ne kawai da aka bari a tsakiya: alkawarin nan gajere yana nan yadda yake, a ƙasansa gwaje-gwaje a kan ts, wannan an soke, wancan an soke, na ƙarshen ko tashi ba ya yi. Yaya ya yi ta gangarawa yana dawowa sama har rana ta bar tabarmar.

Ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Bai ce komai a kaina ba?"

Na so in ƙirƙiro masa wani abu mai daɗi, amma Inna tana zaune, kuma Kawu ba zai yafe mini ba. Na ce a nan dai babu, amma da bakinsa ya ce kana da taurin kai. Ya kuma ce ɗaukon da ka rubuta ya fi nasa, ya sa mutane sun karanta shi. Yaya ya gyaɗa kai, ya tashi ya fita, bai dawo ba sai magariba.

Ya ɗaga tafiyarsa. Kullum da safe sai ya roƙi Inna ta bakina, ta fito da laftof ta zauna a bakin ƙofarta da carbi, mu kuma mu yi aiki. Ya ɗauki alkawarin mahaifinsa ya sa shi a ƙasa, bai ƙara masa komai ba. Sauyawa da ƙari ya mai da su alkawari na biyu, wanda sai mai iya cikawa zai ɗauka. Ya cire babun nan ta ɓoye da hannunsa. Tun da kowane jeri yana faɗin farkonsa, mai sifili da mai ɗaya duk suka samu wurin zama, amma ya bar na makaranta yana farawa daga ɗaya, yana cewa har yanzu yana ganin kuskure ne. Sai muka zo kan ts. Ya ce ba za ta yiwu ba, ke ma kin sani. Na ce na sani. Muka mai da ita umarni na daban ga mai so, muka cire ta daga hanya. Wannan wurin ya fi mini zafi, domin mun yanke wa mutum hukunci a kan abin da ya ƙare ransa a kai, ba ya nan balle ya ja da mu. Yare ɗaya ne yanzu a kwamfutocin ajina, rabinsa na uba rabinsa na ɗa, kuma ba na jin ɗayansu zai ce ya gamsu.

Ranar da zai koma Legas, da safe mai mashin yana jira a ƙofar gida, ya shigo ya durƙusa a gaban Inna. Ya ce ya san ba shi da bakin magana, kuma wanda ya kamata ya roƙa ba ya nan. Inna ta daɗe tana jan carbi kafin ta dube shi, karo na farko tun zuwansa.

Ta ce, "Shi ya yafe maka. Wayar tana hannuna ya ce in bar ka, yaro ne, taro gare shi. Ni ce ban yafe ba tukuna. Ka riƙa zuwa, ka ba ni lokaci."

Ya ce to. Ta sa aka ɗauko masa ƙullin kuka da daddawa na matarsa, ta ce ya gaida yara. Laftof ɗin kuma ta mayar akwati.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi da lada. Ya yafe masa inda ya kafe, mu kuma da muka rage ya sassauta zukatanmu ga juna tun muna iya jin muryar juna. Amin.